Gobe Za A Raɗa Wa Ɗanka Sunanka

Zuwa ga yayana Habibu, soja, a duk dajin da suka ajiye ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na rubuta haka ne don haka na ga ana buɗe wasiƙa, amma lafiyarka kam ban san ta ba. Tun kafin a yi shuka wayarka ta daina shiga, ga shi yanzu gero ya fitar da kai. Na sa wannan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani abokin aikinka ya karanta maka.

Matarka Sadiya ta haihu, Yaya. Namiji. Tana gidansu a Maruta wajen wankan jego. Gobe suna, kuma ni Baba ya ɗora wa kai rago da goro da sunan da za a gaya wa liman. Sunan da ya ba ni naka ne.

Ka san abin da hakan ke nufi a gidanmu. Ba a sa wa yaro sunan ubansa uban yana numfashi. Matan unguwa har sun fara ce masa Audi a ƙasa-ƙasa, sunan wanda ya zo duniya bai tarar da uba ba. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda ya yi sallama a ƙofar gida ya ce mu yi haƙuri. Amma za a yi jana'izarka da naman suna.

Na je barikin da aka ce a je tambaya. Wani mai tumbi ya shanya ni a rana har la'asar, sannan ya leƙo ya ce ana bincike. Bincike! Takalminsa na ƙyalli kamar an lashe shi. Ina kallonsa ina tuna naka.

Hutun da ka zo bayan kaka, a zaure ka cire takalmi, safar ta fito da fatar ƙafarka. Tsakanin yatsun duk ya ruɓe. Inna ta narka man kaɗe tana shafa maka, fuskarta a bango. Kai kuwa dariya kake, kana cewa, "Ƙafar gwamnati ce, Inna, ba tawa ba."

Ita ka ce wa kullum kuna cin nama. Ni ka gaya wa gaskiya, a rumfata ta facin taya a bakin tashar Birnin Kudu: waken da ƙwarinsa ya fi shi yawa, ruwan kududdufin da kuke tacewa da riga, barci a tsugune a cikin rami, da wanda kuka ci abinci kwano ɗaya da safe kuka naɗe shi a bargo da yamma. Kana cikin magana tayar wata tirela ta fashe. Kafin in juyo kana ƙarƙashin mota, kwance, hannu a ka. 'Yan tasha suka kwashe da dariya. Har yau ɗayansu ba ya gaishe ni, saboda haƙorin da na cire masa.

Amma yau kai nake jin haushi, ba su ba.

Kai ka ce min sai ka hau saman motar yaƙi kake samun sabis, inda kowane mai bindiga zai hango ka. Ka saka ranka a fili don ka kira gida, sai ka ƙare da tambayar ko an kai taki gonar Wurno, ko jakin Baba ya warke. Sai za ka kashe kake cewa, "Ya mutanen Maruta?" Shi ke nan. Matarka da cikinta sun zama mutanen Maruta.

A kiranmu na ƙarshe na cire kunya na tambaye ka, in an haihu wane suna kake so. Ka ce, "Kai Nura, ba ka da ta-ido," ka kashe waya. Kana iya tsayawa gaban harsashi, amma kunyar ɗan fari ta hana ka faɗin kalma ɗaya. Da ka faɗa, da yau ina da abin da zan tare Baba da shi.

Na yi masa gardama, har na ɗaga murya, Allah Ya yafe min. Sai Inna ta fito daga ɗaki. Ka san kai ne ɗanta na fari, tunda na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai "yaron nan". Jiya ta tsaya a tsakar gida ta ce, "A sa masa Habibu." Ta faɗe shi a fili, a hankali, kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. 

Yaron da kunnuwanka ya zo, masu faɗin nan da nake tsokanarka da su. Na ɗauke shi, ya riƙe min yatsa da ƙarfi, na rasa me zan kira shi.

Na cika waya da caji, na ari wata a wajen maƙwabcina. Gobe da sassafe zan ɗaure ragon a bayan babur in kama hanyar Gwaram zuwa Maruta, kuma a hankali zan tafi. Ka kira, Yaya. Ko zagina ne ka yi. Zan kara wayar a kunnen ɗanka ka raɗa masa abin da ka ga dama. In liman ya tambaye ni ba ka kira ba, zan faɗi abin da Inna ta faɗa, don ba ni da bakin musa mata.

Allah Ya tsare ka inda kake, Ya warkar da ƙafarka, Ya dawo da kai ka tarar da mai sunanka kowa ya ji kunya. Sauran rabin addu'ar da mutane ke ƙarawa, wanda ake yi wa mamaci, ni ba zan rubuta shi ba.

Ƙaninka mai tsiwa,
Nura mai faci.