Na Ƙi Canza Adireshi, Kwalin Ya Dawo Mini

Zuwa ga Birthe, mai shafin ba da shawara,

Don Allah ki taimake ni. Kwana tara ke nan akwai saƙon da na kasa amsawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba, shekara talatin da ɗaya na yi ina gyaran kifi a masana'anta.

Mijina Ejvind ya rasu a watan Fabrairu. Tun da ciwon baya ya raba shi da jirgin kamun kifi ya koma sassaƙa tsuntsayen bakin teku da katako, yana sayarwa a wani shafin kasuwa na intanet. Shi ke riƙe da kwamfuta, ni ke da kwali da salatif. Kullum sai ya tsokane ni, wai da za a bar ni da shi ma na naɗe shi da salatif na aika Norway. Ni kuma in ce masa ai ba mai sayensa ko an haɗa da kyautar tsuntsu.

Shekarun baya an taɓa cutarsa. Wani ya yi oda, ya ce a kai kayan wani adireshi daban, daga baya ya ce bai ga komai ba. Masu shafin suka ba mutumin gaskiya, tunda ba adireshin da ke kan oda aka kai ba. A ranar Ejvind ya rubuta a kati ya manna a saman teburin da nake ɗaure kaya: adireshin da ke kan oda, shi kaɗai. Katin yana nan, da tabon kofi a gefensa.

Tsuntsaye goma sha huɗu ya bari. Ban rufe shagon ba, don duk sanda oda ta shigo sai in ji kamar yana ɗakin aikinsa yana jira in kira shi ya sha kofi. Tsuntsayen suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya har saura guda, mai jan baki, wanda bai gama yi wa ƙafa ɗaya fenti ba. Na rubuta hakan a shafin, ina zaton ba mai so. Sai ga wata mata, Solvej, ta saya wa mahaifiyarta da ke zaune a Skive.

Washegari ta rubuto cewa an ɗauke tsohuwar zuwa gidan jinya, irin wanda ake kai mutum idan likitoci sun ce saura kwanaki. Ta roƙe ni in aika can. Ta ce mahaifiyarta a bakin ruwa ta tashi, kuma daga gadon da take ba a hango ruwa.

Birthe, na kalli katin, na kalli saƙon. Na ce a raina ai wancan ma da labari mai daɗi ya zo. Na ba ta amsa da layi biyu cewa ba ma canza adireshi, na aika Skive. Ba kowa a gidan, sai aka ajiye kwalin a kantin da ake karɓar saƙo, ita kuma Solvej ba ta iya barin gefen gadon ba. Mako biyu ya yi a can aka dawo mini da shi. Tsohuwar ta cika tun a rana ta shida.

Solvej ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma ya fi mini sauƙi. Ta ce ta gane, kowace sana'a da dokarta. Roƙonta ɗaya, in aika tsuntsun gidanta a Aalborg kafin ashirin ga wata, ranar da za su kai tokar gawar mahaifiyarta da aka ƙona makabarta, don yaranta su ga abin da kakarsu ba ta samu gani ba. Adireshi na uku ke nan.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba, har ƙanwata Gunvor da ke kawo mini burodi duk Asabar. Ranar da kwalin ya dawo murna na yi. A bakin ƙofa na rungume shi ina kuka. Kuma tun farko na san ba kowa a gidan Skive, ai ta faɗa mini. To tsoron cuta ne ya sa na ƙi, ko so nake ya dawo? Ni kaina ban sani ba.

In na aika, na taka dokarsa, kuma ba sauran aikin hannunsa a gidan nan. In na riƙe, na cuci baiwar Allah sau biyu. Yaya zan yi?

Matar mai sassaƙa, daga garin Lemvig

*

'Yar'uwa,

Ina yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan Ejvind, ya ba ki haƙurin rashinsa.

Dokar mijinki daidai ce, mai sayarwa a intanet ba ya aika kaya inda oda ba ta nuna ba. Amma rabinta ya rubuta miki. Sauran rabin, wanda na tabbata ya sani tunda shi ke kan kwamfuta, shi ne: idan mai saye ya nemi canji, sai ki soke odar, ki mayar masa da kuɗinsa, ya sake yin wata da sabon adireshin. Aikin minti biyar ne, kuma ba wanda zai iya cutar ki. Ba ki san wannan ba, don haka ba zan ɗora miki laifinsa ba. Ki ƙara shi a ƙasan katin da hannunki.

Murnar da kika yi kuma ba mugunta ba ce, mace ce ta ga aikin mijinta na ƙarshe ya dawo gida. Ko so kike ya dawo tun farko, ba ni da amsar wannan, ke ma mai yiwuwa ba za ki taɓa samu ba. Kada ki jira ta.

Abin da ba zan goya miki baya a kai ba shi ne shirun kwana tara. Solvej ma makoki take yi, ta saya, ta roƙa sau biyu da ladabi. Tsuntsun nata ne. Kuma Ejvind don tsuntsun ya tafi wani gida ya sassaƙa shi.

Ki amsa mata yau. Ki faɗa mata gaskiya kamar yadda kika faɗa mini, har da cewa shi ne na ƙarshe. Sannan ki bi hanyar soke oda, ko kuma, wanda na fi so, ki roƙi Gunvor ta kai ki Aalborg ki miƙa shi hannu da hannu. Kafin nan ki buɗe kwalin, ki ajiye tsuntsun a tagarki kwana biyu, ki kalle shi son ranki. Sau ɗaya kika yi sallama da shi cikin gaggawa, wannan karon ki yi a natse.

Allah ya sanyaya zukatanku, ke da Solvej.

Birthe