Hannun da Baffa Tanko Ya Karya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda na saba, tare da fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Na san takardar nan ba za ta same ki ba. 'Ya'yan wasu ne za su karanta ta, don haka ki gafarce ni, zan faɗi har abin da kika hana mu faɗa a waje.

Kin tuna shekarun da man fetur ya yi ɓatan dabo, motoci suna kwana a layin gidan mai, masu kaki suna tsala wa mutane bulala. Baba bai daɗe da rasuwa ba, sai wansa, Baffa Tanko, ya ɗauke ni zuwa Diko, inda yake da yara masu sayar da mai a galan a bakin titin Kaduna. Ni da ɗansa Isiya ya haɗa mu wuri guda. Abin da nake kawo miki a yini, wainarki ba ta kawo shi a mako. Muka fara cin nama a gidanmu na unguwar Magajiya. Maƙwabta suna cewa kin haifi ɗa, ke kuwa ko murmushi ba kya yi.

Sai ranar da na dawo da la'asar, rigata jina-jina. Yaran wani gefe ne suka zo ƙwace mana wurin tsayawa, ɗaya ya fasa mini kwalba a ka. Kika zaunar da ni a kan turmi, kika wanke raunin da ruwan zafi da gishiri, ina ihu kina dannawa. Da kika gama kika tambaye ni abin da na iya yau wanda jiya ban iya ba. Kika ce, “Ran da mai ya dawo gidan mai, me zai rage a hannunka?”

Washegari kika ja ni har shagon Oga Bitrus, wani mutumin kudancin Kaduna mai gyaran janareto da injin niƙa. Ya faɗa miki gaskiya: ba ya biyan yaron da ke koyo, kuma aikin na shekaru ne. Kika ce ai koyon kika zo nema.

Baffa ya ji labari. Da safe ya zo, kina suya a ƙofar gida, mutane na tsaye suna jiran waina. Bai yi sallama ba. Ya yi ƙwallo da tandar, mai mai zafi ya watsu a ƙafarki, ƙullun ya malale a ƙasa. Yana ta ɗaga murya, wai kin cire ɗan ƙanensa daga arziki kin kai shi bauta wurin baƙo. Kika ce masa ɗanki ne, kuma ba zai koma Diko ba. Ya zaro itace daga murhu ya kawo miki duka a ka. Kika tare da hannun dama. Inna, har yau ina jin ƙarar ƙashin nan.

Na zari wuƙar yanka albasa na yi kansa. Ke da hannunki ke reto, kika cafke wuyan rigata da na hagu, kika fizgo ni baya. Kika ce, “In ka taɓa shi gidan yari za ka, can kuwa ba a koyar da gyaran inji.” Maza suka janye Baffa. Mata suna neman mai ɗori, ke kuwa kina ce mini in wuce shago, na makara. Na tafi ina kuka a hanya. Ɗorin bai zauna daidai ba, hannun ya warke a karkace, kika koyi juya waina da hagu.

Ban taɓa gaya miki wuyar da na sha a shagon ba, don na ga taki ta fi. Oga Bitrus yana da zafin hannu. Ranar da na ƙona masa wayar wani janareto, da belin inji ya zane ni har bayana ya fashe. Amma da ya huce ya zaunar da ni, ya kwance abin gaba ɗaya, ya sa na naɗa da kaina har ya yi daidai. Wata rana wutar lantarki ta ja ni ta maka ni da bango. A gida kuma nama ya ɗauke, muka koma garau-garau. Isiya yakan wuce ta gaban shagon a kan sabon babur, ya danna mini oda, ni ina tsugune cikin baƙin mai.

Na ce miki na gaji, zan koma Diko ko don ƙannena su ƙoshi. Da hannun hagun nan kika kwaɗa mini mari. Kika ce yunwar ƙannena nauyinki ce, ni nawa nauyin in iya aikin.

Abin da ya faru da Isiya, da rana tsaka ya faru. Wani direban bas ya dawo Diko da mutanensa ɗauke da sanduna, yana cewa an sayar masa da mai haɗe da kananzir, injinsa ya buga. Faɗa ya kaure. Aka harbi galan-galan da ƙafa, mai ya kwarara har murhun wata mai gasa masara. Waɗanda suka gani sun ce Isiya ya ruga titi wuta na ci a jikinsa, motoci suna kauce masa, har aka kayar da shi aka mirgina shi cikin yashi. Da na je asibiti, da muryarsa kawai na gane shi.

Ke na tarar a gefen gadonsa. Kina masa fifita da hannun da ya rage miki mai ƙarfi, kina ɗiga masa ruwa a baki da cokali. Baffa yana tsaye a bakin ƙofa ya kasa shigowa. Kika ce masa ya shigo, yaron yana nemansa. Isiya ya yi 'yan kwanaki ya cika. Ko a zaman makoki, ko bayansa, ban taɓa jin kin ce da ma kin faɗa ba.

Daga baya mai ya wadata na wani lokaci, bakin titin Diko ya watse, yaran Baffa kowa ya kama gabansa. Wutar lantarki kuwa kullum a ɗauke take, janareto ya cika gari. Oga Bitrus ya yaye ni, ya ba ni akwatin kayan aiki, na kama ɗan shago a hanyar Maje. Tun daga ranar ban sake jiran wani ya ba ni abin da zan ci ba, kuma da aikin nan ƙannena suka yi makaranta.

Aikina na farko a unguwa, injin markaɗen Iya Bose ne, Bayarabiyar da ke haya kusa da mu. Mata sun taru da robobin wake da tattasai suna jira. Na kwance shi, na haɗa, na ja igiya ya tashi. Na ɗaga kai na hango ki can nesa a jikin katanga, kin kawar da fuska, don ni ɗan fari ne, ba za ki yabe ni a gaban mutane ba. Iya Bose ta ce ai ɗan gida ne, ta san ba zan karɓi komai ba. Daga inda kike kika ce, “Ki biya shi yadda za ki biya baƙo. Aikinsa ne.” Kika juya kika shiga gida.

Damina ɗaya kika ƙara a duniya bayan wannan. Na so in hutar da ke daga suya, Allah bai ba ni lokacin ba.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Allah Ya sa zafin da kika sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da Baba a Aljanna. Allah Ya jiƙan Isiya. Baffa ma ya riga mu gidan gaskiya, kuma tunda kin yafe masa, ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa.

Ɗanki mai kewarki,
Haruna