Akwatina Ya Wuce Mararraba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi? Ya karatu?

Na san ke ma kina zaton wanda ya riga kowa zuwa tasha ya huta. Ashe kayansa ake turawa can ƙurya, sai in ya gaya wa mai lodi cewa a hanya zai sauka. Ni ban faɗa ba. Da bas ɗinmu ta iso mararraba daga babban birni, direba ya ce, "Haba Malam, buhu arba'in zan sauke maka? In na juyo gobe ka karɓa."

Yau kwana uku ke nan bai juyo ba. Takardun shaidata suna cikin akwatin, shugaban makarantar da na fara koyarwa kuma ya ce in ban kawo su ran Litinin ba, wani za a ba ajin. Yaran ga ƙoƙari, har sun shiga raina. Lafiyata lau, abinci ne dai ba ya shiga. Kullum da an tashi ina bakin titi ina leƙen motoci.

Kada ki gaya wa Inna, ki ce dai ta sa ni a addu'a. In an yi hutu ki hau motar ki zo, ki faɗi inda za ki sauka tun a tasha, in nuna miki ɗalibaina, idan har ajin yana hannuna.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki