Shafin Da Na Yage Daga Littafin Gwaji

Assalamu alaikum Hajiya mai kula da wannan fili, tare da gaisuwa ga duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na sauya su. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci, domin zagin da za a yi mini na riga na yi wa kaina shi shekara uku cur. Shawara nake nema, kuma kwanakin da suka rage mini kaɗan ne.

Ni mutumin Gwandu ne, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin kwamfuta a Kalgo. Aikina gwaji. Wani zai rubuta furogiram, wato umarnin da kwamfuta ke bi ta yi aiki, mu kuma mu zauna mu yi ta dannawa muna neman inda za ta yi kuskure kafin a miƙa wa masu shi. Mu biyu ne a lokacin, ni ne babba, sai abokina Hamidu ɗan Maruda. Tun sakandare muke tare, tare muka je Sakkwato koyon kwamfuta, tabarma ɗaya muka kwana a kai. Hamidu mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi har ya ba ka haushi. Idan ka ce masa ƙofa a kulle take sai ya tashi ya girgiza ta da hannunsa. Na sha tsokanarsa cewa ko ranar aurensa sai ya nemi a sake ɗaurawa don ya tabbatar.

Mai rubuta furogiram ɗin shi ne Yaya Sanusi, wanda ya yi karatu a Kaduna, kuma kowa a ofis yana shakkarsa. Ga yadda Alhaji mai kamfanin ya tsara mu: masu gwaji a ƙarƙashin Yaya Sanusi suke. Duk kuskuren da muka gano mu rubuta a wani babban littafi mai baƙin bango, ni in kai wa Yaya Sanusi, shi kuma ya gaya wa Alhaji abin da ya ga dama. Littafin ma a durowarsa yake kwana. Wato mutumin da muke binciken aikinsa shi ne kuma alƙalinmu. A lokacin ban ga laifin wannan tsari ba. Ta yaya ma zan gani, alhali Yaya Sanusi yayan Hauwa ne, yarinyar da saura mako uku a ɗaura mana aure, kuma shi ne waliyyinta tunda mahaifinsu ya rasu?

Wata ƙungiyar makarantu da ke yankin Gwandu ta ba mu aiki. Suna yi wa yaran aji shida jarrabawa ɗaya don zaɓar waɗanda za a tura makarantar kwana, suna son kwamfuta ta haɗa maki ta fitar da jerin waɗanda suka ci. Yaya Sanusi ya gama rubutunsa, ya ba mu takarda mai sunayen da ya ƙirƙira da kansa, ya ce mu gwada da su. Muka gwada, komai lafiya lau. Ni har na ɗauki biro zan sa hannu. Hamidu ya ce a'a. Washegari sai ga shi a kan babur da tsohuwar rajistar makarantar garinsu, wadda ya aro wajen hedimasta, ya zauna ya shigar da ajin gaba ɗaya.

Bayan azahar ya kira ni. “Mutumina, taho ka ga wani abu. Muhammadu Bello Maruda ukku na shigar, guda ɗai ya hito. Sauran biyun ina sunka tahi?”

Duk wanda ya yi makaranta a wajenmu ya san wannan. Yaro sunansa, sunan ubansa, sai sunan gari. A aji ɗaya za ka samu Abubakar Umar uku, A'isha Muhammad huɗu, malamai na bambanta su da Ƙarami da Babba da Dogo, amma a rajista iri ɗaya ne. Shi kuwa furogiram ɗin da suna yake gane yaro. Idan ya ga suna ya maimaitu sai ya ɗauka mutum ɗaya ne, ya goge na farko ya bar makin na ƙarshe. Sunayen da Yaya Sanusi ya ba mu babu biyu masu kama, shi ya sa ba mu gani ba. Hamidu ya cika shafi guda a littafin, ya kawo misalai, ya ba da shawarar a ba kowane yaro lamba tasa, ya sa hannu. Ya miƙo mini ya ce, “Kai mashi yau, wanga ba ƙaramin abu ba na.”

Na kai. Wallahi na kai, na tsaya a bakin ƙofarsa da littafin a hannuna. Amma kun san yadda mutum yake a gaban surukinsa. Ban iya ɗaga ido ba, na cire takalmi, na durƙusa kamar na zo gaisuwar Sallah. Na ce, “Yaya, akwai 'yar matsala haka kan sunaye.” Bai ko juyo daga allon kwamfutar ba ya ce, “Matsalar masu bugawa ta. Ku buga daidai, ku gani daidai. Ko kai ma ka hwara koya min aikina?” Na ce a'a Yaya, Allah ya huci zuciyarka. Na ajiye littafin a durowa ban buɗe masa shafin ba, na ja takalmana na fito.

Hamidu na jirana a ƙarƙashin dalbejiya. Ya ce yaya aka yi? Na ce, “Ya ce ya gyara.” Kalma huɗu, su ne suka rusa rayuwar abokina. Ya ce to a ba mu mu sake gwadawa. Na ce babu lokaci, gobe za a fara shigar da makin gaske, masu makarantu sun matsa wa Alhaji. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalili ba. Na sa hannu a takardar cewa an gwada, babu matsala. Me nake tunani? Na ce a raina wataƙila yaran ba su da yawa, wataƙila ba wanda zai lura, bayan biki zan samu hanyar faɗa masa cikin ladabi. Biki ya zo ya wuce, Hamidu ne babban abokin ango, shi ya yi ta zirga-zirga da kujeru har ƙafarsa ta kumbura.

Da aka manna sakamako a Gwandu, gari ya ɗauka. Yara da dama babu sunansu kwata-kwata, wasu kuma an ba su makin takwarorinsu. Wani dattijo manomi ya zo har Kalgo da 'yarsa a bayan keke, ya ce ita ke zuwa ta ɗaya tun aji uku, a nuna masa inda sunanta ya shiga. Bai yi faɗa ba, tambaya kawai yake yi, yarinyar na tsaye tana murza bakin mayafinta. Har yau ina ganin fuskarta. A ranar, kafin Alhaji ya kira taro, na shiga ofishin Yaya Sanusi yana masallaci, na buɗe durowa, na yage shafin Hamidu na cusa a aljihu. Na san idan aka ga shafin za a tambayi wanda ya sa hannu cewa babu matsala.

A taron Yaya Sanusi ya ce mai bugawa ne ya tsallake sunaye, kuma Hamidu ne ya shigar da mafi yawansu, tunda ofis ƙarami ne kowa na taɓa kowane aiki. Hamidu ya ce, “Ranka shi daɗe, na rubuta wanga kuskure cikin littahi.” Aka ɗauko littafi, babu shafi. Ya juya gaba, ya juya baya, ya taɓa wurin da aka yage da yatsa. Ya dubi Yaya Sanusi, sannan ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, da takardar tana ƙona mini cinya, abin da na iya faɗa shi ne, “Alhaji, a yi mashi afuwa.” Alhaji ya ce sunan kamfani ya ɓaci, dole wani ya tafi.

Da yamma na raka shi bakin hanya. Kun san me ya ce mini? “Kak ka damu, mutumina. Na san ka kai saƙo, Yaya Sanusi yay yi maka ƙarya, shi kuma ya yage takarda. Ban kira ka shaida ba don surukinka na, ba ni son in kashe maka aure tun ba a yi wata ba.” Ya hau babur ya tafi. Na tsaya a wurin kamar an dasa ni.

Aka sake haɗa makin da hannu, aka gyara jerin, duk da wasu yaran guraben sun riga sun cika. Yaya Sanusi ya gyara furogiram ɗinsa shiru, ya ba kowane yaro lamba, daidai abin da Hamidu ya rubuta. Ban sani ba ko ya gane da kansa ne, ba mu taɓa maganar ba. Bayan wata biyu na samu Alhaji na ba shi shawarwari: masu gwaji su riƙa kai rahoto gare shi kai tsaye, a yi littafi biyu kowanne a hannun mutum daban, a riƙa gwaji da rajistar gaske, kada a miƙa aiki sai wanda ya gano kuskure ya sake dubawa da idonsa, kuma kada a kori mutum kafin a binciki inji. Ya ji daɗi, ya amince, ya ƙara mini girma. Tun daga nan aikinmu bai sake ba mu kunya ba. Yanzu mutum huɗu ne a ƙarƙashina, ina tsayawa gabansu ina cewa mai gwaji ba ya jin kunyar kowa. Ni. Duk abin da ake yabona a kai, halin Hamidu ne na kwafa.

Shi kuwa duk inda ya nemi aiki labari ya riga shi zuwa, ana ce masa wanda ya ɓatar da sunayen yara. Ya koma Maruda yana noman gero da albasa. Hannun da a da ke bugu ba sai an kalli madannan kwamfuta ba, yanzu duk ya yi kanta. Duk kaka sai ya aiko mini da albasa, Hauwa ta yi ta sa masa albarka, ni kuwa in ture kwanon abincin gefe. Takardar tana nan a cikin jakar shaidar karatuna, na kasa ƙona ta, na kasa kai ta.

Shekaranjiya da hantsi ya zo ofis da goro a leda, fuskarsa cike da fara'a. Matarsa ta sauka, namiji. Ya ce, “Ran Asabar suna. Sunanka zan sa mashi, don ranar da kowa yay yi shiru kai ɗai ka buɗe baki ka roƙa min.” Na yi masa barka, na karɓi goro, da ya fita na kulle ƙofa na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata.

Idan na fito da takardar, Alhaji zai san gaskiya, sunan Hamidu zai wanku, ni kuma aikina ya ƙare. Yaya Sanusi ba zai yafe mini ba, Hauwa da ɗanmu za su shiga tsakani, ita da ba ta san komai ba. Duk wannan zan iya ɗauka. Abin da na kasa ɗauka shi ne idon Hamidu lokacin da zai ga rubutun hannunsa ya fito daga aljihuna. Shin in je kafin Asabar in ɓata masa farin cikin ɗansa na fari? Ko in bari a raɗa wa yaro sunana, ya tashi ana gaya masa sunan mutumin kirki ya ci? Don Allah jama'a, saura kwana uku liman ya tambaye shi sunan jariri. Me zan yi?