An Ba Ni Riƙon Ƙwaryar Kulob, Kyaftin Kuma Taubashina Ne

Zuwa ga Malam Hamidu,

Assalamu alaikum. Malam, don Allah ka agaza mini da shawara, kuma ka hanzarta, domin abin da ke gabana ba zai jira ni ba. Na san filin nan naka ya fi sabawa da rikicin aure da na gado, to kada ka ga maganar ƙwallo ka ture takardata gefe. Akwai zumunci a cikinta, akwai kuma mutuncina.

Ni mutumin Gusau ne, ina aiki a masaƙa, bayan la'asar kuma a filin ƙwallo ake samuna. Sunan kulob ɗinmu Zakarun Tasha. Na buga masa wasa a tsakiya har gwiwata ta ƙi, sai kocinmu Malam Jatau ya riƙe ni mataimakinsa. Shi mutum ne mai zafi, in ya daka tsawa har masu tallar gyaɗa a bakin fili sai sun yi tsit. Ni kuwa ni ne mai lallashi. Wanda ya zaga, ni zan bi shi in ba shi haƙuri. Wanda ya yi targaɗe, ni zan ɗora shi a keke in kai shi wurin mai ɗori. Da haka muka yi shekaru, kuma kulob ya ji daɗinmu mu biyun.

A watan jiya wurin aikinsa suka yi wa Malam Jatau canji zuwa Minna. Shugaban kwamitinmu, Alhaji Ma'u, ya kira ni ya ce in riƙe kulob riƙon ƙwarya har a gama wasannin share fage na kofin shiyya. Za mu kara da Bunguɗu, sannan da Tsafe, wanda ya fito shi zai tafi Sakkwato. Bai ɓoye mini ba, ya ce akwai wani koci a Kaduna mai takardar shaida da ake ta yi musu maganarsa, in abin ya fi ƙarfina za su aika masa.

Malam, ba yabon kai ba, abin bai fi ƙarfina ba. Yawancin dabarun da ake yaba wa Malam Jatau ranar wasa, ni nake raɗa masa su a kunne, kuma shi kansa ba zai musa ba. Da muka je Bunguɗu na san gefe ɗaya na filinsu rairayi ne, sai na ce wa mutanena su riƙe ƙwallo a ɓangaren da ke da tauri, su bar masu gida su yi ta nutso a nasu yashin. Kafin a tashi sun gaji liƙis, muka ci biyu suna da ɗaya. A bayan mota muna dawowa har waƙa aka yi mini. Saboda haka ba sanin ƙwallo ne ya hana ni barci ba.

Yari ne ya hana ni. Shi ne kyaftin ɗinmu, ɗan baya ne, kuma wan mahaifiyata ne ya haife shi. Ka ga ke nan taubashina ne. A gidanmu ɗan namiji shi ke ɗaukar kansa ubangida, don haka tun muna yara bawansa yake kirana, ni kuma in ce masa mai kan tulu. Ba a taɓa jin kanmu ba. Lokacin da nake mataimaki wasanmu shi ke raya fili. Ya fizge mini hula, in ɓoye masa takalmi, kowa ya yi dariya, har Malam Jatau sai ya juya baya ya murmusa. Amma da aka ba ni riƙo sai na ga bai kamata koci ya tsaya cacar baki da ɗan wasa ba, na kama bakina. Shi kuwa kamar an zuba masa fetur.

Ranar farko da na ce su zagaya fili da gudu, sai ya zauna a kan ƙwallo ya shelanta cewa shi bai taɓa jin inda bawa ya aiki ubangijinsa ba. Aka fashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Wata rana ya warce usur daga wuyana ya busa, ya ce an tashi, kuma wallahi wasu suka fara kwance takalma. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce ranar da Alhaji Ma'u ya zo duba mu. Yari ya lallaɓo ya cire mini hula ya ɗora ta a kan sandar raga, na tsaya gaban Alhaji kai ba hula ina bayani. Alhaji ya yi dariya, amma na ga irin kallon da ya yi mini, kuma na san Kaduna yake tunawa.

Yanzu abin ya fara yaɗuwa. Golanmu sai ya ga dama yake zuwa. Wani ma da ba abin da ya haɗa ni da shi sai gaisuwa, ran nan na ji yana kirana bawan kyaftin. Shi na iya tsawata masa, kuma na yi. Amma Yari fa? Ka san ba a fushi da taubashi. Na ɗan gutsura wa mahaifiyata, Inna Talatu, sai ta ce kada in kuskura in kunyata ta a gaban wanta saboda tamaula.

Ga kuma wadda ban faɗa wa kowa ba. Ƙafar Yari ta yi nauyi. Ina ƙaunarsa, kuma a zamaninsa babu ɗan gaban da ke wuce shi a ƙasar nan, amma ƙwallon da Bunguɗu suka zura mana ta gefensa ta shigo, yana ji yana gani aka bar shi a baya. Tsafe kuwa suna da wani ɗan gefe mai gudu kamar an koro shi. Ina da mai tare shi, Tukur, wani birkila mutumin Furfuri, mai ƙarfi da natsuwa. In na sa Tukur na ajiye Yari a benci, garin nan kaf za a ce ramuwar hula na yi, wasu 'yan wasa za su bi bayansa, kawu kuma ban san da wane ido zan dube shi ba. In na sa Yari, ina ganin faɗuwarmu ƙiri-ƙiri, riƙon kuma ya tafi.

To Malam, mataimaki yana zama koci kuwa? Ko waɗanda kuka ci a kwano ɗaya ba za su taɓa jin maganarka ba? Ni dai zuciyata tana gaya mini zan iya. Hanyar ce ban gani ba.

Naka,
Mai Riƙon Ƙwarya, Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam, Mai Riƙon Ƙwarya. Ka ɓoye sunanka ka tona na kowa, har da na mahaifiyarka, shi ya sa na canza su duka da na kulob kafin a buga.

Amsar tambayarka ita ce e, mataimaki yana zama koci, kuma kai kana da abin da ake nema. Mutumin Kaduna zai zo da takardarsa, amma bai san yashin Bunguɗu ba, bai san wanda ke wasa da targaɗe yana ɓoyewa ba. Sai dai sabon da ya ba ka wannan sani shi ne kuma yake cin ka. Da can aikin mutum biyu kuke yi, ɗaya ya tsawata ɗaya ya lallasa. Yanzu duka biyun suna kanka, kuma ba ka saba da na farkon ba.

Bari in fara da naka kuskuren. Da ka kama bakinka, ka ɗauka girma ka riƙe. Yari ba haka ya gani ba. Mutumin da kuka taso kuna jifan juna da magana, rana ɗaya an ba ka usur ka daina ramawa, me kake so ya fahimta? Ko dai ka fara jin kai, ko kuma kana fushi a ɓoye. Duk biyun kuwa taubashi tsokana yake ƙarawa har ya gano wanne ne. Ka ari fuskar Malam Jatau ka ɗaura, ba ta kuwa zauna maka ba.

Shi ma Yari bai kyauta ba. Al'adar da ta ba shi bakin wasa ita ce ta yanka masa iyaka. Ba wanda ke cire wa taubashinsa hula yana jan salla, ko yana zaune a wurin ta'aziyya. Wurin aikin mutum ma haka ne, kuma ya sani. Amma ka yi masa adalci. Ɗan wasa yana riga kowa sanin ƙafarsa ta yi nauyi. Wanda ya fi kowa iya gane hakan, wato kai, shi aka ɗora a kansa. Ina zaton rabin wannan barkwanci tsoro ne, yana so ya ɗaure maka hannu tun kafin ka taɓa shi.

Ga abin da za ka yi. Ka je gidansa da kanka, kada ka aika, kada ka fara ta wurin kawu ko Inna, domin da zarar manya sun shiga, maganar ta tashi daga ƙwallo ta koma ƙara. Ka ci tuwonsa, ka kira shi mai kan tulu, ka rama duk bashin tsokanar da ya tara a kanka har ya tabbata ɗan'uwansa yana nan. Sannan ka gyara zama ka gaya masa abu biyu. A gida da kasuwa da wurin biki kai bawansa ne har abada, amma daga shiga fili zuwa fita kai ne koci. Na biyu, Tukur ne zai fara wasan Tsafe, ka kuma faɗa masa dalili ba kwana-kwana. Ya ji daga bakinka, ku biyu, tun da sauran kwanaki. In ya fara ji a gaban jama'a, ka ci masa mutunci, kuma a nan ne za a ce ramuwa ka yi. Ka bar masa girman ya sanar da 'yan wasa da kansa in yana so.

Zai iya yin fushi. Ka bar shi ya yi, taubasantaka ba ta mutuwa saboda benci. Ka ci gaba da zuwa gaida kawu kamar yadda ka saba. Alhaji Ma'u kuma ka roƙe shi ya zo fili ya faɗa da bakinsa cewa muddin kana riƙo maganarka ce magana. Golan nan mai makara, in ya sake, ya zauna kusa da Yari, don kowa ya ga ba mutum ɗaya aka nufa ba.

Ban yi maka alkawarin nasara a Tsafe ba, wannan na Allah ne. Amma in ka fita da mutanen da idonka ya zaɓa, ko an ci ku, kwamiti ya ga koci. In kuwa ka sa Yari don kunya, to har yanzu mataimaki kake, sai dai wannan karon na Yari.

Allah ya ba ku sa'a, ya bar zumunci, ya kai ku Sakkwato lafiya.

Malam Hamidu