Ramuka Goma a Ɗakin Masu Ciwon Ƙirji

Zuwa ga matata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin 'yarmu, ya jaririyar? Ki gaishe min da surukinmu.

Kada hankalinki ya tashi. Tarin nan da nake ce miki mura ce ya kwantar da ni a asibiti. Likita ya ce ƙurar fulawar da na shaƙa shekara talatin a gidan burodi ce ta illata min huhu. Ni na hana yara su gaya miki, don kada ki baro mai jego.

Za ki yi dariya in kin ji maganin da aka ba mu, mu masu ciwon ƙirji. Malamar da ke koya mana numfashi ta raba mana harmonika, wata 'yar abar busa da ba ta fi tafin hannu ba. Ramuka goma gare ta a jere. A kowane rami akwai siraran harsunan tagulla biyu, ɗaya na amsawa in ka busa, ɗaya in ka zuƙa, kowanne da sautinsa. Don haka waƙa ba ta fita sai mutum na shaƙa yana fitarwa, abin da huhunmu ke bukata ke nan. Tawa dai har yanzu kukan akuya take yi.

Ki huta lafiya.
Mijinki, Mai Burodi

Zuwa ga matata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarki ta iso, faɗan ma na karɓa, ni ne da laifi.

Maƙwabcin gadona tsohon direban jirgin ƙasa ne, ashe gwanin harmonika ne. Yanzu robar iska ce a hancinsa, ko rami ɗaya ba ya iya busawa. Da hayaniyata ta ishe shi sai ya ɗauke ni ɗalibi. Ya ce in daina yi kamar mai hura wuta, in tsuke baki a kan rami guda, in jawo iska daga ciki, ba daga wuya ba. Ya ce irin wannan a kan murya ɗaya aka ƙera ta, akwai sautukan da babu su a cikinta. Sai ka zuƙi rami na huɗu ka ja harshe baya, sautin ya lanƙwasa ya yi ƙasa.

Kwana tara ina fama, shekaranjiya ya lanƙwasa. Na juya in yi masa alfahari, sai na ga idonsa ya cika da hawaye. Ashe waƙar da yake busa wa marigayiya matarsa ba ta yiwuwa sai da wannan sautin. Tun daga ranar yake koya min ita, yana ƙwanƙwasa ƙarfen gado da yatsa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Likita ya ce ni da bakin tanda har abada. Na shiga banɗaki na yi kukana. Amma jiya na hau bene ban tsaya hutu ba.

Gobe 'ya'yan direban za su mai da shi gida, asibiti sun ce sun yi iya yinsu. Rabin waƙar kawai na iya. Ya roƙe ni idan an sallame ni in riƙa zuwa gidansa mu ƙarasa, na amsa masa. Don Allah ki dawo ki riƙa raka ni. Ina tsoron ranar da zan yi sallama a ƙofar gidan ni kaɗai, a ce min na makara.

Sai na gan ki.
Mijinki, Mai Burodi