Abin da Baba Ya Bar Mini

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya yara? Sau uku ina zuwa, mijinki yana cewa kina barci, alhali ina jin ƙarar keken ɗinkinki daga ɗaki. Shi ya sa na rubuto.

Sakamakon gwajina ya fito. Likita ya ce ba na ɗauke da canjin ƙwayar halittar da aka gano a jininki, wanda suke ganin shi ya jawo ƙarin ƙwaƙwalwar da ya yi ajalin Baba. Ke na fara so in gaya wa.

Allah ya ba ki lafiya.
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Barka. Kin ji, na faɗa.

Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha. Ke Baba ya bar wa dogon hanci da farin jini, ni ya bar mini ƙari a ka. Dama tun yana raye ke ce 'yar gaban goshi.

Ranar da aka aske ni za a shiga tiyata, kin shigo da sabon kitso. Na san ba da gangan ba ne, amma ko fuskar likitan ban riƙe ba, kitson nan na riƙe. Yanzu ya ce irin nawa ba ya jin magani sosai, watanni yake ƙirga mini. Jiya zare biyu nake gani, allura ta gagare ni zurawa. Ina cikin haka babbar 'yata ta ce bari ta kai miki ɗinkin. Tun ina numfashi yaran sun san hannun da za su koma.

Ina son ki, amma ganinki yana ƙona ni. Allah ya yafe mini.

Yayarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan sauƙi. Na karanta, na yi kuka, na aske kaina ma, sai na ga wauta ce: nawa zai tsiro.

Ki tsane ni son ranki, amma ki bari a gwada yaran. Likita ya ce kowannensu zai iya gada, zai iya tsira, kuma in an sani da wuri ana sa ido. Ba zan karɓe miki su ba. Rakiya kawai zan yi.

Ƙanwarki

*

Auta,

Salam. Ni na kai su da kaina. Takardar sakamakon ta fito tun Talata, tana ƙarƙashin keke, na kasa buɗewa.

Ki zo gobe ki buɗe. Ke ce mai sa'a a gidanmu.

Ki ɗaura ɗankwali.

Yayarki